Wasiƙar Atine a Tashar Abokan Gaba

Ƙafafunta na fara gani, tun ban san muryarta ba. Ina zaune a kan buzu a zauren gidan su Haladu a Tudun Kaya, takarda a kan gwiwata, kwalbar tawada a gefe, sai asabarin ƙofar cikin gida ya motsa, ƙafafu biyu suka zo suka tsaya a ƙarƙashinsa. Lallen da ke jikinsu ya fara koɗewa, ƙaiƙayin gero ya hau kan yatsun, alamar daga wurin sussuka aka kirawo mai su. Na tsura musu ido har tawada ta ɗiga ta ɓata mini takarda. Iya, mahaifiyar Haladu, tana gefe tana kaɗi da mazari, ta dube ni ta ce, “Akawu, rubutu ka zo yi ko ƙidayar tururuwa?” Na ce rubutu, Iya. Ta ce to ga matar ɗan nata nan, Atine, in rubuta abin da za ta faɗa, nata saƙon kuma in sa shi a ƙasa.

Lokacin ana yaƙin nan na kudu. Motar ɗaukar kuratan soja ta zo kasuwar Karaye sau biyu ta kwashi samari, Haladu yana cikin na farko, watansa biyar da aure. Ni ma na shiga layi, amma da aka zagaya ƙirjina da igiyar awo sai sajan ya ce in koma gida in ƙara cin tuwo. Na koma, na zama mai rubuta wa unguwa wasiƙa, don ni kaɗai na gama aji bakwai a wajenmu, daga nan sunan Akawu ya bi ni. Yaran yanzu ba za su gane nauyin takarda a wancan zamani ba. Yau jikata tana kwance a ɗaki tana magana da mijinta yana wata ƙasa, har tana ganin abin da yake ci. Mu kuwa labari da ƙafa yake zuwar mana, ko a kan jaki, ko a bayan motar gyaɗa, kuma kafin ya iso ya tsufa. Abin da kunne ya saba ji a gari bai wuce luguden daka da hantsi ba, da ƙarar sikelin masu awon gyaɗa, da kukan gauraka a fadama, da karatun allo da ke tashi daga gidan Liman. Idan baƙuwar murya ta shigo cikin waɗannan, kowa sai ya ajiye abin da yake yi ya saurara.

A gidan su Haladu sunansa ba ya fita daga bakin mace. Iya ba ta kiransa don shi ne ɗanta na fari, sai dai ta ce “wancan” ko “mai sunan Malam”. Atine kuwa “shi” kawai take cewa, kuma ko wannan a hankali. Saƙonta kullum iri ɗaya ne: in ce ana gaishe shi, in ce gero ya yi kyau amma gyaɗa ba ta cika ba, in ce gwiwar Iya da sauƙi, in ce Allah ya tsare. Daga nan sai ta yi shiru, in ga babban yatsan ƙafarta yana murza ɗan'uwansa. Bayan wasiƙa biyu ko uku Iya ta saba da ni, sai ta riƙa faɗin nata ta koma wurin tukunya, ta bar mu da asabari a tsakani.

Wannan shirun nata shi ya ja ni. Tun ina yaro zuciyata ba ta zama a ƙasa, ina iya wuni a gindin ɗorawa ina ƙulla wa mutanen da ban taɓa gani ba soyayya da rabuwa. Daga baya da littattafan soyayya suka cika kasuwa ina cikin waɗanda suka fara baje su a Karaye, kuma waɗanda na karanta sun fi waɗanda na sayar, amma tun ba a buga ko ɗaya ba cutar tana jikina. Na dubi saƙon Atine na ga ya bushe, na ce mutum yana bakin daga a aika masa labarin gwiwa da gyaɗa? Sai na fara ƙara gishiri. Na rubuta, Haladu hasken idona. Na rubuta, Haladu, tun ranar da mota ta tashi da kai barci ya yi mini yaji. Na rubuta cewa rigar da ya bari a kan igiya ba ta wanke ba, ita take rungumewa tana jin ƙamshinsa. Al'ada ce idan mai rubutu ya gama ya karanta wa mai saƙo ya ji, ni kuwa sai in karanta nata in tsallake nawa, ta ce haka ne, Malam, Allah ya saka da alheri.

Haladu ma bai iya karatun boko ba, wani kofur ne yake karanta masa yana rubuta masa amsa. Ba a daɗe ba amsoshinsa suka fara zuwa da ɗumi. Ya ce bai san haka take da baki ba, ya ce takardunta a aljihun ƙirjinsa suke kwana. Waɗannan ma tsallake su nake yi idan ina karanta wa Iya da Atine, in kai su gida in yi ta maimaitawa ni kaɗai. Ashe ni da Haladu muke ta soyayya a takarda, ita baiwar Allah tana can tana sussuka ba ta sani ba.

Akwatin rediyo ɗaya ne a unguwarmu, na Ɗan'azumi mai awon gyaɗa. Bayan la'asar sai ya fito da shi ya ɗora a kan buhu, ya ja eriya, maza su kewaye shi. Tashar gwamnati kullum nasara take bayarwa, an kama gari kaza, an kori abokan gaba daga gada kaza, amma ba ta taɓa faɗin wanda ya mutu ba. Idan ta gama sai Ɗan'azumi ya waiga hagu da dama, ya murɗa a hankali har ya kamo ɗaya tashar, ta mutanen can ɓangaren. Wani mutum ne yake magana a cikinta da Hausa tsantsa, ka rantse a bakin kasuwar Kurmi aka yanke masa cibiya. Da kiɗan garaya yake farawa, ya yi mana sallama, ya gaishe mu da aiki, ya tambayi damina da lafiyar iyali, sannan ya ce mu matso kusa, yana da sunayen 'ya'yanmu da masu mulkinmu suke ɓoye mana. Babana ya hana ni zuwa wurin. Ya ce mutumin da bai san ka ba amma ya iya gaishe ka haka, akwai abin da yake nema a jikinka. Ban ji ba. Kuma na san mutumin yana ƙarya, don akwai ranar da ya ce birnin Kano yana cin wuta, alhali a ranar na dawo daga birni da tawada da ambulan, ban ga ko hayaƙin mai tsire da ya wuce misali ba. Na faɗa wa jama'a, aka yi dariya aka tsine masa, washegari aka sake taruwa. Mai ɗa a bakin daga ba ya iya ƙin sauraron wanda yake kiran sunaye.

Wata ranar kasuwa da yamma, an gama awo ana ɗaure buhuna, mutumin ya ce yau ta'aziyyarsa ta mutanen ƙasar Karaye ce. Ya karanta lambar soja, ya kira sunan Haladu da na mahaifinsa da na ƙauyenmu, bai yi kuskuren ko ɗaya ba. Ya ce sun same shi kwance a bakin kogi, sun rufe shi saboda su masu tausayi ne, sun kuma ciro wata takarda daga aljihunsa, jini ya taɓa gefenta, bari ya karanta mana. Sai ya siranta muryarsa kamar ta mace, ya fara. Ana gaishe ka. Jar akuya ta haifi biyu. Haladu hasken idona. Ya bi kalmomina ɗaya bayan ɗaya yana jan su yana lanƙwasa su, har da rigar da ba a wanke ba, har da wani layi da na rubuta a kan shimfiɗa wanda ko yau ba zan iya maimaita shi ba. Wani daga baya ya tuntsire da dariya, sannan ya tuna mutuwa ake faɗa ya haɗiye ta. Mutumin ya mayar da muryarsa ta maza ya ce, “Atine, ki shiga takaba. Ku kuma iyaye, ku ƙara turo mana su, muna da sauran fili.” Garaya ta ci gaba. Ba wanda ya dube ni, amma na ji kamar an tuɓe ni a tsakiyar kasuwa.

Kafin magariba labari ya shiga kowane gida, kuma kashi biyu ya shiga, mutuwar da wasiƙar. Iya ba ta fara da kukan ɗanta ba, da Atine ta fara. Maƙwabta sun ji ta ta kan katanga tana cewa, “Ni da na haife shi ban taɓa kama sunansa ba. Ke kin kira shi sau bakwai duniya tana ji. Bakinki ne ya nuna wa mutuwa inda yake.” Atine ta yi ta rantsuwa cewa gaisuwa da akuya kawai ta faɗa, ba wanda ya saurare ta.

A rana ta uku aka zauna a zauren Liman, dattawa da dangin Haladu da Ɗan'azumi, aka kira ni, aka tsayar da Atine a bayan ƙofa. Liman dattijo ne mai sanyin hali, ya fara tambayata ko maganganun nan daga bakinta suka fito. Na dubi gemun da ke kewaye da ni, na tuna babana, na tuna duk gidajen da suka amince mini da sirrinsu, na ce, “Allah gafarta Malam, abin da aka faɗa mini shi na rubuta.” Tsoro ne ya faɗi wannan. Amma ƙarya ta biyu ba tsoro ba ne.

Atine ta nemi izinin magana. Ta ce, “Allah gafarta Malam, 'yan akuyar nan ko cibiyarsu ba ta gama bushewa ba. Takardarmu ba ta taɓa isa hannunsa ƙasa da wata guda ba, shi da kansa yake faɗa a amsa. To yaya aka yi wannan ta shiga aljihunsa? A tambayi Akawu, shi ya kai ta gidan waya.”

Gaskiyarta ce. Kwana tara ke nan da na liƙa wa takardar kan sarki. Tun a gaban akwatin Ɗan'azumi na yi wannan lissafi, na kuma gane abin da ya faru: motar wasiƙu mutanen can suka tare a hanya suka kwashe jaka, suna ciro sunaye daga bayan ambulan suna kashe mutane da baki. Zaure ya yi tsit, kowa yana jirana, don ni ne ɗan boko. A cikin wannan shirun wani tunani ya zo mini a fili, kuma ban kore shi ba. Na ce a raina, idan Haladu ya mutu, wata huɗu da kwana goma ne kawai, kuma macen da aka yi wa wannan tonon silili ba wanda zai neme ta sai ni. Na buɗe baki na ce ai yanzu wasiƙun soja a jirgin sama ake kai su, kwana uku sun isa.

Duk da haka Liman bai saki jiki ba. Ya ce shari'a shaidu biyu take so kafin a ce mutum ya mutu. Ɗan'azumi ya ce, “Allah gafarta Malam, biyu kuma? Mu da muka ji da kunnenmu mun fi arba'in.” Dattawa suka gyaɗa kai. Ba wanda ya tsaya ya ce arba'in ɗin nan duk bakin mutum ɗaya suka ji, mutumin da ba su taɓa gani ba, wanda kuma ƙarya ce abincinsa. Iya ta riga ta sa an jiƙa geron gumba, 'yan'uwa daga Turawa da Yammedi sun riga sun cika gida. Liman ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ɗaga hannu aka yi wa Haladu addu'a.

Haka Atine ta shiga takaba da mijinta a raye. Ba lalle, ba kwalli, ba turare, zane ɗaya a ɗaka, ga uwar miji da ba ta amsa gaisuwarta. Aka yi sadakar bakwai, aka yi ta arba'in, aka raba gado, ƙaninsa ya ɗauki keken. 'Yanmatan unguwa kuwa suka ɗauki wasiƙar suka mayar da ita waƙar daka, ɗaya ta ce hasken idona, sauran su amsa da rigar da ba a wanke ba, taɓare suna sauka a kan amshin. Turamen maƙwabta a jikin katangar ɗakinta suke, kullum da hantsi sai ta ji. Ni ma ina ji idan na wuce, kuma Allah ya gafarta mini, akwai ranar da na tsaya na ji daɗin yadda kalmomina suka hau kiɗa. Da motar kurata ta dawo karo na uku, kusan wayam ta koma, don iyaye mata sun ɓoye 'ya'yansu a rumbuna da gonakin dawa. Mutanen can ba su harba ko harsashi ɗaya a ƙasar Karaye ba, amma sun sami abin da suke so.

A wata na biyu na takaba na je gidan waya ɗauko wasiƙun unguwa, sai ga rubutun kofur ɗin nan a bayan wani ambulan. Na sauka daga hanya na shiga gindin wata ɗorawa na buɗe. Haladu ne, lafiyarsa lau. Ya ce an ba su labarin an kashe shi a rediyo, abokansa har suna kiransa marigayi. Ya ce mutanen can suna kafa lasifika a ƙetaren kogi suna yi musu magana da Hausa, suna cewa ku ajiye bindiga ku koma gida, matanku sun yi takaba sun yi aure, su kuwa dariya suke yi musu. Ya ce a gaya wa Atine shi ko a mafarki bai yarda ba, don ya san abin da ke zuciyarta, yana da shi a rubuce. Na karanta sau biyu. Akwai wani suri a gefen ɗorawar, na naɗe takardar na cusa a raminsa, gara ta ƙarasa aikin. Wasu biyu sun sake zuwa bayanta, su ma can suka bi. Da bai ga amsa ba sai ya ɗauka hanya ce ta yanke, ya daina rubutowa.

Da ta fita takaba ta koma gidan kawunta, na bari aka yi sati biyu, na wanke rigata na je zance. Na tanadi jawabi tun a hanya, da taurari a ciki da furanni. Ta fito zaure ta tsaya, ranar na fara ganin fuskarta. Ba irin wadda na zana a raina ba ce, doguwar fuska ce ramammiya, idanun sun faɗa, amma ba su kauce daga nawa ba. Ban kai ƙarshen gaisuwa ba ta ce, “Malam, ni ban yi makaranta ba, amma na san abin da ya fita daga bakina. Kai ma ka sani. Tashi ka tafi, kada yara su gan ka su ƙara baiti.” Ban sake taka gidan ba. Bayan kaka ta auri wani manomin rake a wani ƙauye can ƙasar Rogo, mutum mai shiru-shiru, inda waƙar ba ta kai ba. Aka ce ya riƙe ta da mutunci, ta yi ƙiba, ta haifa masa ɗa namiji.

Yaƙi ya ƙare. Wata rana da hantsi motar gyaɗa ta tsaya a bakin kasuwa, wani soja ya diro daga baya da akwatin ƙarfe a kafaɗa. Ɗan'azumi ne ya fara ganinsa, ya saki dutsen sikeli a kan ƙafarsa bai ko ji zafi ba. Mata suka watse suna salati, shi kuwa Haladu yana ta dariya yana miƙa hannu, ya ɗauka wasa ake yi masa. Sai da ya ga kekensa a hannun ƙaninsa sannan dariyar ta tsaya. Iya ta fito ba mayafi ta riƙe shi tana shafa fuskarsa, ranar kuwa ta kira sunansa a gaban kowa. Da ta lafa ya leƙa bayanta ya ce ina Atine.

Magana ta kai gaban alƙali. Ya ce tun da ba a tabbatar da mutuwar a gaban shari'a ba, auren farko yana nan, ɗa na mai rake ne, ita kuwa ta Haladu ce. Aka jira ta yaye yaron, aka karɓe shi daga bayanta aka miƙa wa kakarsa, aka ɗora ta a mota zuwa Tudun Kaya. Waɗanda suka raka ta sun ce har suka iso ba ta juyo da fuskarta gaba ba. Haladu ya karɓe ta hannu biyu, ya ce shi bai riƙe ta da komai ba, ya buɗe akwatin ƙarfe ya fito da ƙunshin takardu a cikin leda, duk sun yi laushi don naɗewa da buɗewa, ya fara karanto mata su da ka. Ta bari ya gama, sannan ta gaya masa gaisuwa da labarin gida kawai ta faɗa, sauran ba daga bakinta suka fito ba.

Washegari da safe ya same ni a rumfar da nake rubuta wasiƙa a kasuwa. Ya zauna a kan benci ya ajiye ƙunshin a gabana, ya ce in karanta. Na karanta ta farko, ya ce in ci gaba. Sai da na karanta su duka, mutane suna taruwa. Da na gama ya ce, “Akawu, a cikin rami muke kwana, ruwa har gwiwa, ana yi mana ihu daga ƙetare. Wasu sun gudu, wasu sun haukace. Ni wannan nake sa Kofur ya maimaita mini. Ashe gemunka nake runguma.” Wasu suka yi dariya, shi bai yi ba. Na jira mari, bai zo ba. Ya tambaye ni ko wasiƙunsa uku na ƙarshe sun iso, na ce ban gan su ba. Ya tashi ya bar mini takardun a kan tebur. Har ya koma ga Allah bai san labarin surin nan ba, ban kuma taɓa faɗa wa kowa ba sai yau da nake rubuta shi.

Bai cika wata da ita ba ya sake ta. Ya gaya wa Liman ba laifinta ba ne, amma duk lokacin da ta buɗe baki muryoyi biyu yake ji, ta mutumin rediyo da tawa. Ya tattara ya koma birni aikin gadi. Ni ma daga ranar ba wanda ya sake kawo mini wasiƙa, sai na koma sayar da takarda da tawada. Shekaru bayan haka wani tsohon soja da yake zama a rumfata ya ba ni labari cewa abin nan ba haukan mutum ɗaya ba ne, ofis ne guda da ma'aikata, aikinsu su karya zuciyar soja da ta iyayensa tun harsashi bai iso ba. Ya ce namu ma suna yi, suna zuba wa mutanen can takardu daga jirgi. Ya ce ƙaryar da ta fi ci ita ce wadda aka gina a kan abu ɗaya na gaskiya, kamar sunan ƙauye ko haihuwar akuya, sauran aikin kuma mutanen gida ne suke ƙarasa shi da hannunsu. Na ce masa haka ne, na kawar da zancen. A da akwati ɗaya ne a unguwa, ana iya kashe shi a mayar ɗaka. Yanzu kowane yaro yana yawo da nasa a aljihu, muryar da ba a san mai ita ba tana shiga har ɗakin amarya, kuma ba mai tambayar kwana nawa da liƙa kan sarki.

Atine ta koma ƙasar Rogo. Mai rake bai mayar da ita ba, ya ce ba zai sake tsayawa gaban alƙali a kan mace ba. Ta kama ɗaki a ƙauyen don ta riƙa ganin ɗanta, tana yin daddawa tana sayarwa, ba ta sake aure ba. Da yaron ya girma ya gina mata ɗaki a gidansa. An san ta a wajen da hali ɗaya: ba a kunna rediyo a inda take, kuma duk labarin da aka kawo mata, na mutuwa ne ko na haihuwa, sai ta tambayi wanda ya gani da idonsa. Jikokinta suna yi mata tsiya da shi, suna cewa ko azahar aka kira sai ta nemi shaida.

A 'yan shekarun nan da 'yan bindiga suka matso dazukan yamma, saƙon murya ya fara yawo a wayoyi, wani yana cewa ga su nan tafe ƙauye kaza, kowa ya fita. Sau uku ƙauyensu yana watsewa, a bar tuwo a kan wuta, a kwana biyu a gidajen dangi, a dawo ba abin da ya faru sai awakin da aka sace. Duk ukun Atine ba ta motsa ba, a dawo a tarar ta ba kajin maƙwabta ruwa, tana yi musu dariya. Da na huɗu ya zo, jikanta ya kawo kurar shanu har ƙofar ɗakinta yana roƙonta ta hau. Shi ya ba ni labari da bakinsa. Ya ce ta riƙe dogaran ƙofa da hannu biyu ta ce, “Ku kawo mini mutum ɗaya da ya gan su. Ɗaya tak. An taɓa tashina da murya, ba za a sake ba.” Suka bar mata ruwa da fura suka tafi.

Wannan karon gaskiya ne. Sun zo da rana tsaka, suka kora shanu, suka sa wa rumbuna wuta, wutar ta kama ɗakunan da ke kusa, har da nata, tana ciki. Washegari da hantsi aka yi mata sutura. Na hau mota na je, na tsaya a sahun ƙarshe, wani yaro da ke gefena ya tambaye ni ko ni ɗan'uwanta ne. Na ce a'a, wasiƙa na taɓa rubuta mata.